Wasan Rukuni a Wuraren Tarihi: Yadda Fasahar Gauraya Zahiri da Ƙirar Kwamfuta ke Aiki, da Inda Take Tuntuɓe

Ba kasafai mutum ke zuwa wurin tarihi shi kaɗai ba. Iyali ne ke zuwa, ko ɗaliban aji guda da malaminsu, ko abokai, ko ayarin masu yawon buɗe ido, kuma kaso mai yawa na amfanin ziyarar yana cikin abin da suke faɗa wa juna ne: wannan ya nuna da yatsa, wancan ya yi tambaya, yaro ya kawo fassarar da ba wanda ya zata, babba ya gyara masa ko shi ma ya rasa amsa. Masu nazarin gidajen tarihi, irin su John Falk da Lynn Dierking na Amurka, sun daɗe suna nuna cewa abokan tafiya na cikin manyan abubuwan da ke tantance abin da maziyarci zai koya da abin da zai tuna. To amma kusan duk na'urar da aka ƙirƙiro domin taimaka wa maziyarta don mutum ɗaya aka yi ta, kuma da zarar an rarraba ta, sai mutanen da suka shigo suna hira su yi tsit, suna tafe tare amma kowa da abin da yake saurare.

Ba haka abin ya fara ba. A shekarar 1952, gidan tarihi na Stedelijk da ke birnin Amsterdam ya ba maziyarta 'yan ƙananan rediyo da ke kama bayanin da ake watsawa a cikin ginin, saboda haka kowa na jin magana guda a lokaci guda, ana juyawa tare, ana matsawa gaba tare. Da aka koma kaset, daga baya kuma na'urar da ake latsa lamba a ji bayanin abin da ake so, kowa ya sami 'yancin tafiya yadda ya ga dama, amma haɗin kan ya tafi. A farkon shekarun 2000, masu bincike na cibiyar Xerox PARC sun gwada wata dabara mai suna Sotto Voce a wani tsohon gidan tarihi da ake kira Filoli a jihar Kaliforniya, inda suka bar kunne ɗaya a buɗe, suka kuma sa kowane maziyarci ya riƙa jin bayanin da abokin tafiyarsa ya zaɓa. Wannan ɗan gyaran ya isa ya dawo da hira a tsakanin mutane biyu. Wasannin rukuni da ake ginawa yau da fasahar gauraye suna neman magance wannan tsohuwar matsala ce, sai dai a wannan karon da ido ake aiki, ba da kunne kaɗai ba.

Ita fasahar gauraye, masana biyu ne, Paul Milgram da Fumio Kishino, suka yi mata fitaccen bayani a shekarar 1994. Sun ce a ɗauka akwai layi, a bakinsa na farko akwai duniyar zahiri tsantsa, a ɗaya bakin kuma akwai duniyar da kwamfuta ta ƙera gaba ɗayanta, wadda mai shiga cikinta ba ya ganin komai na inda yake tsaye. Duk abin da ya faɗo tsakanin waɗannan bakuna biyu, shi ne gauraye. A wurin tarihi, ma'anar hakan ita ce mutum yana ganin ainihin duwatsun da ke gabansa da abokan tafiyarsa, sannan kwamfuta ta ɗora musu abin da ya ɓace: rufin da ya rushe, launin da ya koɗe, ko mutanen da suka taɓa zama a wurin. Ana yin haka ta hanya uku. Akwai tabarau mai gilashi garai-garai da ake haska hoto a kansa, kamar HoloLens na kamfanin Microsoft wanda ya fito a 2016. Akwai na'urar da ke rufe ido ruf amma kyamarorinta na nuna wa mai sanye da ita abin da ke waje, kamar Quest 3 na Meta da ya fito a 2023 da Vision Pro na Apple da ya biyo baya a 2024. Sannan akwai wayar hannu da kwamfutar hannu, waɗanda ake ɗagawa a leƙa ta fuskarsu kamar taga.

Dalilin da ya sa masu kula da kufai suka yi marhabin da wannan fasaha a fili yake. Wanda ya je Olimfiya a ƙasar Girka, inda aka faro wasannin Olamfik na dā, abin da zai tarar a haikalin Zeus, babban abin bautar Girkawan dā, shi ne gutsattsarin ginshiƙai zube a ƙasa tun girgizar ƙasar ƙarni na 6, ban da ginshiƙi guda da aka sake tayarwa gab da wasannin 2004. Kafin mutum ya hango yadda ginin yake a zamaninsa, sai ya kasance masani ko mai ƙarfin tunani. A nan ne aka gwada Archeoguide, wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa a farkon shekarun 2000, inda maziyarci ke goye da kwamfuta a jaka, da tabarau a fuska, yana ganin haikalin a tsaye bisa kufansa. A 2021 kuma ma'aikatar al'adu ta Girka da Microsoft suka fitar da ƙirar gine-gine 27 na wurin. A Paris, a 2018, an yi amfani da HoloLens wajen raya wani tsohon ƙaramin samfurin tsibirin Mont-Saint-Michel a gidan tarihin da ke ajiye da shi. Waɗannan duka nuni ne, ba wasa ba, kuma galibinsu kowa nasa yake kallo.

Kafin a ce mutum biyar suna wasa guda a fili guda, dole ne na'urorinsu su amince a kan inda kowane abu yake, kuma wannan shi ne aikin da ya fi ba injiniyoyi wahala. GPS na waya, ko da a sarari ne babu gini babu itace, kuskurensa kan kai kimanin mita 5. Wannan ya isa a gane titin da mutum yake, amma bai isa a zaunar da ginshiƙin kwamfuta a kan gindin ginshiƙin dutse ba, domin ko taƙi ɗaya aka kauce ido zai gane. Saboda haka na'urar kan yi amfani da kyamararta ta tsinci alamomi a jikin wurin, kamar kusurwar dutse, tsagar bango ko bakin matakala, ta haɗa su da bayanan na'urorin auna motsi da ke cikinta, ta zana wa kanta taswirar wurin tana kuma lissafa inda take a cikin taswirar a lokaci guda. Matsalar ita ce kowace na'ura taswirarta daban take zanawa, daga inda aka kunna ta. Maganin shi ne a kafa turke, wato wani tabbataccen wuri a zahiri da duk na'urorin za su gane, su ɗaure lissafinsu a jikinsa. Apple da Google duk sun shigar da irin wannan dama cikin manhajojinsu na waya a 2018. Bayan an daidaita wuri, saura lokaci: idan ɗaya ya ɗauki tulun da kwamfuta ta ƙera ya miƙa wa ɗan'uwansa, wajibi ne sauran su ga tulun ya bar hannu ya shiga hannu a daidai lokacin, in ba haka ba sai gardama ta tashi kan wanda ya riga. A kan na'urar da ake ɗaurawa a kai kuwa, ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce kada jinkiri tsakanin juya kai da gyaruwar hoto ya wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, domin abin da ya haura haka yakan jawo jiri da tashin zuciya.

Kufai kuwa wuri ne mai wuyar sha'ani ga wannan lissafi. Jerin ginshiƙai masu kama da juna kan rikita kyamara har ta ɗauki na uku a matsayin na huɗu. Inuwar safe ba ita ce ta yamma ba, ciyawa na tsirowa tana bushewa, jama'a na gilmawa suna tare alamomin da na'urar ta dogara da su. A ɗakin gwaji akan manna takarda mai zane a bango a huta, amma a ginin da doka ta kare ba a yarda a manna komai ko a kafa ƙusa ba. Rana ma abokiyar gaba ce, domin tabarau mai gilashi ƙara haske yake yi a kan abin da ake gani, ba ya iya rage shi, don haka da tsakar rana hoton yakan dusashe har ya zama kamar hayaƙi. Faɗin abin da HoloLens 2 ke iya zanawa bai wuce digiri 52 daga kusurwa zuwa kusurwa ba, alhali idanun mutum na ɗaukar fiye da digiri 180 daga gefe zuwa gefe, wanda ke nufin babban gini ba ya shiga gaba ɗaya, sai an riƙa yawo da kai ana ganinsa gunduwa-gunduwa. Wannan ne ya sa yawancin ayyukan tabarau da suka yi nasara a cikin ɗaki aka yi su, inda ake iya sarrafa haske.

To ko da an shawo kan duk wannan, an sa mutum biyar suna ganin haikali guda a wuri guda, ba a kai ga wasan rukuni ba tukuna. Mutanen da ke kallon abu ɗaya ba dole ne su yi wa juna magana ba. Abin da ke tilasta magana shi ne buƙata, wato ya kasance abin da ke hannun wannan babu shi a hannun wancan. Masu tsara wasan TimeWarp, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta gina a birnin Kolon, sun bi wannan hanya. Wasan na kai mutum zamanin Rumawa da tsakiyar zamani da kuma nan gaba, yana neman wasu 'yan ƙananan halittu na tatsuniyar birnin. Zubin farko na mutum ɗaya ne sanye da tabarau. A zubi na biyu aka mayar da shi na mutum biyu masu kwamfutocin hannu, ɗaya na riƙe da taswira da saƙonni, ɗaya kuma na leƙa abubuwan da aka ɗora a kan titi, ta yadda babu mai iya gama wasan ba tare da ya saurari ɗan'uwansa ba. A birnin Regensburg na Jamus, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2006, an fito da REXplorer a 2007: mutum biyu ko uku kan karɓi na'ura guda, su je gaban tsohon gini su zana alama a iska da ita, sai wata murya ta wani mutumin zamanin dā ta ba su labari ta kuma tura su wani ginin.

A ganina darasin da ke cikin waɗannan tsofaffin gwaje-gwaje ya fi ƙarfin na'urorin da aka yi su da su. A ɗauki misali da ɗakin aikin Fidiyas a Olimfiya, mai sassaƙar da ya ƙera gunkin Zeus na zinariya da hauren giwa, mai tsawon kusan mita 12, wajen shekara ta 435 kafin Miladiyya. Masu tonon kayan tarihi na Jamus sun tono wannan ɗaki a shekarun 1950, suka sami kayan aiki da mazuban yumɓu da wani kofi mai ɗauke da sunansa. Za a iya tsara wasa a nan inda ɗaya ke ganin inda aka tsinci kowane abu a ƙasa, na biyu na jin bayanin da matafiyi Fausaniyas ya rubuta game da gunkin a ƙarni na 2, na uku na riƙe da hoton tsabar kuɗin zamanin dā da aka zana gunkin a jikinsu, na huɗu kuma ba shi da na'ura ko kaɗan, aikinsa shi ne ya auna faɗin ɗakin da taku ya kwatanta da na cikin haikalin. Sai sun haɗa abin da kowa ya samu kafin su amsa tambayar ko a nan aka yi aikin. Wasa irin wannan yana mayar da ido kan dutsen da ke wurin, domin wani ɓangare na amsar ba ya cikin na'ura.

Wannan ne ma ya sa nake ganin sau da yawa kwamfutar hannu guda da mutum uku suka sa kai a kanta ta fi tabarau uku amfani. Ita ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, ana nuna fuskarta da yatsa, ana sauke ta a dubi bango. Tabarau kuwa yana ɓoye idon mai shi, alhali da ido ne mutane ke gane inda hankalin abokin hira yake, da kuma lokacin da ya dace a karɓi magana. Kamfanin Histovery na Faransa ya yi nisa da kwamfutar hannu a wurare irin su fadar Chambord da fadar fafaroma ta Avignon, har da ɗan wasan neman ɓoyayyar dukiya a ɗakuna, ko da yake shi ma an fi ba kowa tasa.

Sai batun gasa. Maki da agogo su ne hanya mafi sauƙi ta sa mutane zumuɗi, kuma su ne mafi saurin raba su da wurin da suka zo gani, domin wanda ake ƙidaya wa daƙiƙa ba ya tsayawa karanta rubutun jikin dutse. Duniya ta ga iyakar wannan a watan Yulin 2016 da wasan Pokémon GO ya fito, aka wayi gari mutane na farautar halittun wasa a gidan tunawa da kisan kiyashin Yahudawa da ke Washington, da maƙabartar sojoji ta Arlington, da sansanin kisa na 'yan Nazi da ke Auschwitz. Hukumomin waɗannan wurare sun fito sun ce hakan bai dace ba, birnin Hiroshima ma ya nemi a cire dandalin tunawa da harin nukiliya daga wasan kafin taron tunawa da harin na ranar 6 ga Agusta, aka kuma cire. Ba don wuraren tarihi aka yi wannan wasa ba, amma ya nuna abin da ke faruwa idan wuri ya zama fili kawai da ake tara maki a kansa. Akwai wuraren da ko wasan haɗin kai bai kamata a kai ba, kamar maƙabartu, wuraren da aka yi kisa ko cinikin bayi, da wuraren ibada da har yanzu ake amfani da su, kuma hukuncin hakan na al'ummar da wurin ya shafa ne, ba na mai rubuta manhaja ba. Ko a inda wasa ya dace, akwai haƙƙin sauran maziyarta: rukunin mutum shida da ya tsaya cak a ƙofa yana ɗaga hannu a iska ya tare hanya, wanda kuma hankalinsa ke kan hoto ba ya ganin matakalar da ta zaizaye ko igiyar da aka gitta.

Matsalar da ta fi zurfi ita ce ta gaskiya. Gani ya kori ji, kuma abin da mutum ya gani tsaye a gabansa, da launi da inuwa, ya fi zama a ransa fiye da duk wani gargaɗi da aka rubuta da ƙananan haruffa. Amma gunkin Zeus da aka ambata ya ɓace tun fiye da shekara 1,400, babu wanda ke raye da ya san kamannin fuskarsa dalla-dalla, saboda haka duk ƙirar da aka nuna, wani kaso nata hujja ne, wani kuma hasashe. Masu gyaran gine-ginen tarihi sun san wannan haɗari tun kafin kwamfuta. Arthur Evans, wanda ya fara tono fadar Knossos a tsibirin Kirit a 1900, ya sake gina sassanta da kankare bisa fahimtarsa, kuma har yau ana muhawara kan inda shaida ta ƙare da inda tunaninsa ya fara. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ce gyara ya tsaya a inda hasashe ya soma. Da aka zo zamanin kwamfuta, Yarjejeniyar Landan, wadda aka fara tsarawa a 2006, da Ƙa'idojin Seville da ICOMOS, ƙungiyar duniya ta masu kula da wuraren tarihi, ta amince da su a 2017, sun buƙaci mai ƙira ya rubuta hujjar kowace shawara da ya yanke, ya kuma bayyana wa mai kallo abin da aka tabbatar da abin da ake zato.

Wasa na ƙara tsananta wannan matsala, domin wasa na son amsa guda da za a ce daidai ce, kuma na son labari mai daɗi da jarumi da mugu. Sai dai ƙirar kwamfuta na da abin da kankaren Evans ba shi da shi: ana iya ɗauke ta, ana kuma iya nuna iri biyu ko uku. A nan ne rukuni ke da fa'idar da mutum ɗaya ba shi da ita. Idan masana sun saɓa kan yadda rufin wani gini yake, ana iya nuna wa mutum biyu rufi daban-daban, a bar su su kare nasu da abin da ke ƙasa, kamar ramukan da aka zura katako ko gutsuren tayil ɗin da aka tono. Ana iya zana abin da aka tabbatar da cikakken launi, abin da ake zato kuma a bar shi shara-shara. Mutanen da suka yi minti goma suna gardama kan rufi sun ɗanɗana ainihin aikin masanin tarihi, abin da kallon kyakkyawan hoto ba ya koyarwa.

Akwai kuma waɗanda na'urar kan bari a baya. Kamfanonin tabarau na sanya iyakar shekaru, Meta na farawa daga 10, Apple daga 13, wanda ke nufin ƙananan yaran da aka fi yin wasan dominsu ba za su sa ba. Wasu na jin jiri, wasu na sanye da gilashin magani, tsoho kuma na iya ƙin ɗaura abu mai nauyin fiye da rabin kilo a goshi. Wasan da aka raba ayyukansa na warware wannan da kansa, tunda akwai aikin da ba ya buƙatar na'ura. Haka nan ɗan jagora bai kamata a ɗauke shi a matsayin wanda aka zo maye gurbinsa ba. Idan aka ba shi ikon dakatar da wasan, ko kashe hoton baki ɗaya ya ce kowa ya dubi wannan bango, ya zama shi ke riƙe da linzamin ziyarar, kuma shi kaɗai ke iya lura cewa wani yaro ya gaji ko wata tambaya ta fi wasan muhimmanci.

Daga ƙarshe akwai kuɗi da tsawon rai. HoloLens 2 ya fito a kan dala 3,500, Vision Pro a kan dala 3,499, Quest 3 kuma a kan dala 499, kuma batirinsu ba ya wuce awa 2 zuwa 3. Wurin da ke karɓar aji guda na ɗalibai a lokaci ɗaya na buƙatar na'urori da dama, da na ajiya, da ma'aikatan da za su yi caji, su goge, su daidaita wa kowa a kai, su kuma gyara idan turke ya kuɓuce ana tsakiyar wasa. Wannan kuɗin yau da kullum ne, kuma tallafin bincike da ke haifar da irin waɗannan ayyuka yakan ƙare cikin 'yan shekaru, shi ya sa da yawansu ba sa wuce matakin gwaji. A 2024 Microsoft ya daina ƙera HoloLens 2, tare da alƙawarin ci gaba da sabunta manhajarsa zuwa ƙarshen 2027, a shekarar kuma ya rufe Azure Spatial Anchors, hidimar da wasu manhajoji suka dogara da ita wajen ajiye turakunsu. Wurin da ya shekara dubu biyu yana tsaye ba zai iya ɗora bayaninsa kan na'urar da ba ta kai shekara goma a kasuwa ba. Abin da hukumar wurin ya kamata ta riƙe a hannunta tun ranar sa hannu a kwangila shi ne awon wurin da aka ɗauka, da ƙirar gine-ginen a tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, da rubutaccen bayanin hujjoji, da tsarin wasan kansa, ta yadda idan na'ura ta shuɗe za a iya ɗora su kan wadda ta gaje ta ba tare da an koma neman izinin kamfanin da ya yi aikin farko ba.